Tarihin Faɗaɗa Wi-Fi a Cikin Gida: Mai Ƙara Zango da Tsarin Raga

Gabatarwa

Duk wanda ya sa intanet marar waya a gidansa ya san wannan matsala. A falo wayar hannu na kamawa sosai, amma da an shiga ƙuryar ɗaki ko an zagaya bayan gida sai ta shiga lalube. In mutum ya tafi kasuwa neman magani, abu biyu ne za a nuna masa. Na farko ƴar ƙaramar na'ura ce mai arha da ake cusawa a soket, ta kamo sigina daga uwar na'urar gidan ta sake watsa shi. Na biyu saiti ne na na'urori biyu ko uku masu tsada, waɗanda ake rarrabawa cikin gida su riƙa magana da junansu. Mai shago zai ce na farkon tsohon yayi ne, na biyun kuma shi ne sabon ilimi. Wannan takarda za ta bi tarihin abubuwan biyu, domin a ga cewa dukansu sun girmi Wi-Fi ɗin kansa, kuma matsala guda ce suke fama da ita tun shekarun 1970, wato yadda za a miƙa saƙo daga hannu zuwa hannu ta iska ba tare da an cinye lokacin magana ba.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a daidaita kalmomi, tunda da Hausa za a yi bayanin. Uwar na'urar da ke raba intanet a gida ita ce ƴan kasuwa ke kira rauta. Ƴar na'urar soket za mu kira ta mai ƙara zango, saitin nan kuma tsarin raga, saboda kamarsa da ragar masunta, inda kowane ƙulli ke haɗe da maƙwabtansa. Abin da Bahaushen Najeriya ke kira netwok ko sabis shi ne na Nijar ke kira rezo, kowa da Turawan da suka mallake shi. Ko sunan Wi-Fi ma haka yake: a Kano "waifai" ake ji, a Maraɗi da Damagaram "wifi".

Hawai: kowa ya yi magana, in an yi karo a sake

Jami'ar Hawai da ke Amurka tana da rassa a tsibirai daban-daban, babbar kwamfutarta kuwa tana Manoa, a tsibirin Oahu. Layin tarho na wancan zamani yana da tsada, kuma bai dace da aikin kwamfuta ba. Saboda haka Norman Abramson da abokan aikinsa suka shirya hanyar sadarwa ta rediyo mai suna ALOHAnet, wadda ta fara aiki a 1971 da gudun bit 9,600 a sakan ɗaya. Dabararsu ita ce a daddatsa saƙo ƙunshi-ƙunshi, duk tashar da ke da ƙunshi ta jefa shi cikin iska nan take. Idan tashoshi biyu suka yi magana lokaci guda, ƙunsoshin su lalace, sai kowace ta ɗan dakata ta sake aikawa. Lissafi ya nuna cewa da wannan tsari kashi 18 cikin 100 kawai na lokacin kafar ake amfana da shi, sauran duk karo ne da jira. A 1972 Lawrence Roberts ya nuna cewa in aka tsara lokacin daki-daki za a iya kaiwa kashi 37.

Abin lura a nan shi ne iska ɗaya ce kowa ke amfani da ita, kuma a kafa guda mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. Wannan ƙa'ida ta bi Wi-Fi har cikin gidajenmu. Haka kuma, da yake duwatsu da faɗin teku sun hana wasu tashoshi jin Manoa kai tsaye, sai aka kafa na'urorin maimaitawa a wurare masu tudu, su karɓi ƙunshi su sake aika shi gaba. Kakan mai ƙara zango ke nan.

Ragar sojoji

Asalin tunanin raga kuwa daga tsoron yaƙi ya fito. A 1964 Paul Baran na cibiyar bincike ta RAND ya fitar da rahotanni a kan yadda sadarwar Amurka za ta tsira in aka kai mata harin nukiliya. Ya zana siffofi uku. A ta farko kowa na haɗe da cibiya guda, in ta faɗi kowa ya faɗi. A ta biyu akwai ƙananan cibiyoyi da yawa. A ta uku babu cibiya sam, kowane ƙulli na haɗe da na kusa da shi, saƙo kuma yana neman hanyar da ta rage a buɗe. Siffa ta ukun ita ce raga.

Hukumar binciken soja ta DARPA ce ta gwada wannan da rediyo. Tun daga 1973, a ƙarƙashin Robert Kahn, aka fara shirin PRNET a yankin San Francisco. An kafa rediyoyi a kan tuddai, aka kuma cika wata motar kaya ta cibiyar SRI da na'urori tana yawo a kan titi. Kowane rediyo na iya karɓar ƙunshin wani ya miƙa shi gaba, kuma in motar ta yi nisa da wannan sai hanya ta koma ta wancan. Ranar 22 ga Nuwamba 1977 aka aika saƙo daga cikin motar, ya shiga ARPANET, ya ratsa Norwe da London, ya komo Amurka ta tauraron ɗan'adam har ya isa wata kwamfuta a yankin Los Angeles. Masana tarihin intanet na lissafa wannan rana cikin manyan ranakunsa, don an haɗa hanyoyin sadarwa iri uku da ƙa'idar TCP. Mu abin da ya shafe mu shi ne ɓangaren farko na tafiyar: tun a lokacin an gane cewa miƙa saƙo kaɗai bai isa ba, sai an samu mai zaɓar hanya, mai kuma sauya ta in hali ya sauya.

Yadda rediyon ya shigo gida

Shekara da shekaru wannan ilimi na hannun soja da jami'o'i, domin ba a yarda kowa ya watsa rediyo ba sai da lasisi. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe wasu kafofi uku ga kowa ba lasisi, bisa sharaɗin a yi amfani da ƙaramin ƙarfi: wajen megahaz 900, da gigahaz 2.4, da gigahaz 5.8. Kafofi ne da manyan kamfanoni ba su damu da su ba, saboda cike suke da hayaniyar injuna. Murhun nan na lantarki mai ɗumama abinci cikin minti ɗaya ma a gigahaz 2.45 yake aiki. Wani injiniyan hukumar, Michael Marcus, shi ne ya dage har aka yi wannan doka.

Waɗanda suka fara cin moriyarta sosai ba masu tunanin gida ba ne. Kamfanin NCR mai ƙera injin karɓar kuɗi na kantuna yana son injunansa su yi magana da juna ba tare da an farfasa daɓe an ja waya ba. Reshensa na Nieuwegein a ƙasar Holan ya fito da WaveLAN wajen 1990, kuma wani ma'aikacin reshen, Vic Hayes, ya shugabanci kwamitin IEEE 802.11 daga 1990 zuwa 2000. Ƙa'idar farko ta fito a 1997 da gudun megabit 2, ta biyu mai suna 802.11b ta zo a 1999 da megabit 11. A Yulin 1999 ne Steve Jobs ya ɗaga kwamfutar iBook a gaban jama'a a New York, ya zura ta cikin wata ƙatuwar kawanya don a ga babu waya a jikinta. Katin AirPort dala 99 ne, uwar na'urarsa dala 299. A shekarar ce kuma wani kamfanin raɗa wa kaya suna, Interbrand, ya ƙirƙiro kalmar Wi-Fi. Ɗalibin harshe zai so ya sani cewa kalmar ba taƙaitawar komai ba ce, an zaɓe ta ne kawai don daɗin faɗa da kama da "hi-fi".

Da na'urar ta shiga gidaje sai bango ya fara nuna halinsa. Doka ta ƙayyade ƙarfin da za a watsa, don haka ba a iya ƙara murya yadda ake so. Ko da an ƙara wa rauta ƙarfi ma, wayar hannu da ƴar eriyarta da ɗan batirinta dole ne ta mayar da amsa, kuma amsar ce ke kasa isowa. Igiyar gigahaz 2.4, mai tsawon kusan santimita 12, ta fi ratsa bango, sai dai kafofi uku ne kacal a cikinta da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma duk maƙwabta a cikinsu suke. Ta gigahaz 5 ta fi faɗi da sauri, amma bango ya fi cin ta. Gidajen Amurka da yawa na katako ne da allon jifsam, waɗanda igiya ke ratsawa da sauƙi. Siminti mai rodi, da tankin ruwa, da ƙofar ƙarfe, da madubi, waɗannan su ne manyan maƙiyanta.

Mai ƙara zango da rabin da yake ci

Ƙa'idar 1997 ta bar wata ƴar ƙofa da ake kira WDS, wadda ta ba na'ura damar miƙa ƙunshi ga ƴar'uwarta ta iska. Sai dai ba ta fayyace yadda za a yi hakan ba, kowane kamfani ya yi nasa, har ya zama na'urar wannan ba ta jituwa da ta wancan. Ƴar na'urar AirPort Express ta 2004 tana cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki, amma da ƴan gidansu ta fi sabawa. Daga baya aka fito da irin wanda ya cika kasuwa, wanda ke shiga wurin kowace rauta kamar shi ma wayar hannu ce, sa'annan ya juya ya buɗe nasa Wi-Fi ɗin.

Don a fahimci aibinsa, a tuna da wurin ɗaurin aure. Liman na magana a hankali, sanƙira na ɗaga murya yana maimaitawa domin na nesa su ji. Yayin da sanƙira ke magana liman shiru yake yi, yayin da liman ke magana sanƙira saurare yake yi. Kowa ya ji, amma zancen minti biyar ya ci minti goma. Mai ƙara zango mai rediyo ɗaya haka yake. Ba ya iya ji da faɗa lokaci guda, kuma a kafa ɗaya yake yin duka biyun, saboda haka kowane ƙunshi sau biyu yake ratsa iska. Gudun da ke isa ga wanda ke bayansa bai wuce rabi ba, a mafi kyawun hali ke nan. Bugu da ƙari, lokacin da yake maimaitawa, sauran wayoyin gidan da ke kan kafar su ma jira suke yi.

Akwai kuma kuskuren da kusan kowa ke yi da shi. Mutum kan kai shi ɗakin da sigina ba ya zuwa ya cusa shi a can. Wayarsa sai ta nuna sanduna sun cika, ya yi murna, amma shafi ya ƙi buɗewa. Dalili kuwa shi ne sandunan ƙarfin muryar sanƙira suke nunawa, alhali shi sanƙiran an ajiye shi inda ba ya jin liman. Wurinsa shi ne tsakiyar hanya, inda har yanzu yake jin rauta da kyau. Matsala ta uku ita ce ta suna. Yawancinsu sukan buɗe sabon suna mai ƙarin wutsiya, kuma wayar hannu ce ke yanke shawarar wanda za ta bi. Ita kuwa tana da naci: takan manne wa na nesa har sai ya yanke gaba ɗaya, ko da tana tsaye a gindin na kusa.

Ragar kan rufin gidaje

Yayin da ƴan kasuwa ke sayar da wannan, ragar ta ci gaba da girma a hannun ɗalibai da masu sa kai. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fito da rauta mai suna WRT54G. Aka gano cewa manhajar cikinta an gina ta ne a kan Linux, wanda lasisinsa ya wajabta a bayyana wa jama'a rubutun manhajar. Bayan matsin lamba aka sake shi a 2003, daga nan kuma aka samu OpenWrt a 2004. Wannan ya ba kowane mai basira damar mayar da rauta mai arha ta zama ƙullin raga. Ƙungiyar Freifunk a Jamus, da masu haɗa rufin gidaje a babban birnin Girka tun 2002, da guifi.net da aka fara a karkarar Kataloniya ta ƙasar Sifen a 2004, duk a wannan zamani suka taso. Daga cikin ƴan Freifunk ne aka samu ƙa'idar zaɓar hanya mai suna B.A.T.M.A.N., wadda ta shiga cikin Linux a 2011.

A ganina, darasin da ya fi muhimmanci daga jami'ar MIT ya fito. A 2001 wasu masu bincike a can suka nuna cewa in aka jera na'urori a layi suna miƙa wa juna ƙunshi a kafa ɗaya, gudun ba ya tsayawa a rabi. Yana iya sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko da komai ya tafi daidai, a gwajinsu na kwamfuta ma har ya kai ɗaya cikin bakwai, domin kowace na'ura tana hana maƙwabtanta na gaba da na baya magana. Wato raga ita ma tana biyan harajin da mai ƙara zango ke biya. Sa'annan a 2003 Douglas De Couto da abokansa suka nuna cewa hanya mafi ƙarancin zango sau da yawa ba ita ce mafi kyau ba. Tsalle ɗaya mai nisa, wanda rabin ƙunsoshi ke zubewa a cikinsa ana ta sakewa, ya fi tsalle biyu gajeru cin lokaci. Sai suka ƙirƙiro ma'aunin ETX, wanda ke ƙidaya sau nawa za a aika ƙunshi kafin ya isa lafiya. Fatake sun daɗe da sanin cewa gajeriyar hanya marar rijiya ta fi doguwa mai ruwa wahala, amma sai da aka auna kafin a koya wa na'ura. An yi amfani da irin wannan ma'auni a Roofnet, raga mai ƙulli 37 a kan rufin gidajen Cambridge ta jihar Massachusetts. Wasu daga cikin ɗaliban suka kafa kamfanin Meraki a 2006, wanda Cisco ya saya a 2012 a kan dala biliyan 1.2.

Ba ko'ina ragar ta yi nasara ba. Shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfuta, OLPC, wanda Nicholas Negroponte ya nuna samfurinsa tare da Kofi Annan a Tunis a 2005, ya yi alkawarin cewa kwamfutocin yara za su haɗa raga da kansu, mai intanet ya miƙa wa marar shi. Makarantar firamare ta Galadima a Abuja tana cikin wuraren farko da aka gwada kwamfutocin a 2007. Amma a wurare da yawa an ga cewa in yara masu yawa suka taru a aji ɗaya, sanarwar da kwamfutocin ke yi wa juna ita ke cika iska, har ta hana aikin gaske wucewa. A samfurin da ya biyo baya, XO-1.5, an cire wannan raga. Ƙa'idar raga ta hukuma, 802.11s, ba ta kammala ba sai 2011.

Ragar cikin kwali

Abin da ya kawo raga cikin falo shi ne yawan na'urori a gida da kallon bidiyo ta intanet. A Fabrairun 2016 wani ƙaramin kamfani na San Francisco, Eero, ya fara sayar da saitin na'urori uku a kan dala 499. Kafin shekarar ta ƙare Netgear ya fito da Orbi, Google kuma ya fito da Google Wifi, uku a dala 299. Sabon abin da suka kawo iri uku ne. Suna ɗaya ne a duk gidan. Na'urorin na auna ingancin hanyar da ke tsakaninsu su sauya ta da kansu, gadon Roofnet ke nan. Kuma da yawansu na amfani da ƙa'idojin 802.11k da 802.11r na 2008, da 802.11v na 2011, waɗanda ke ba su damar gaya wa wayar hannu cewa ga wata na'ura can da ta fi kusa, su kuma sauƙaƙa mata ƙaura. Shawara ce dai suke ba ta, tsohuwar waya na iya yin kunnen ƙashi.

Maganar rabin gudu fa? A nan ne talla ke rufe gaskiya. Orbi ya ware rediyo na uku a gigahaz 5 wanda ba ya yin komai sai zance tsakanin na'urorin, don haka ji da faɗa ba sa cin lokacin juna. Saiti mai arha mai rediyo biyu kuwa da kafar da yake yi wa waya hidima yake miƙa saƙo, ke nan yana asarar da mai ƙara zango ke yi, illa dai ya fi shi tsari. A ɗaya ɓangaren, akwai masu ƙara zango na baya-bayan nan da ke ji da gigahaz 5 su faɗa da 2.4, waɗanda suka kauce wa rabin. Tambayar da ta kamata a yi wa mai shago ita ce ta wace hanya na'urorin ke magana da juna, sunan da ke jikin kwali ba shi ne abin dubawa ba. Buɗe kafar gigahaz 6 da FCC ta yi a 2020 ya ƙara wa wannan hanya faɗi, amma ita ta fi ta 5 ma tsoron bango.

Wannan batu na bango ya shafe mu kai tsaye. Saitin nan an auna shi ne da gidan katako mai rufi ɗaya. Gidan Bahaushe kuwa zaure ne, da shigifa, da tsakar gida, da sassa a warwatse, ga katangar ƙasa mai kauri ko bulo, ga rufin kwano da ƙyauren ƙarfe. Filin tsakar gida alheri ne, domin na'urar da aka ajiye a bakin taga tana hangen ƴar'uwarta ta fi wadda aka ɓoye bayan talabijin nesa ba kusa ba. Amma kowane ƙulli na buƙatar wutar lantarki, in ta ɗauke a sashen da ke tsakiya, na bayansa ya yanke, sai fa in yana jin wani. Ni dai shawarata ga mai babban gida ita ce ya ja wayar Ethernet daga rauta zuwa kowane sashe. Tana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, kuma kusan duk na'urorin raga suna karɓar ta. Mai ɗaki ɗaya tak da sigina ba ya kaiwa, wanda abin da yake so bai wuce WhatsApp ba, mai ƙara zango da aka ajiye a wurin da ya dace ya ishe shi.

Saura batun cibiya. Yawancin saitin gida raga ce a suna, domin na'ura biyu ko uku duk ga uwa ɗaya suke komawa, wadda ke riƙe da layin intanet. Tsohuwar matsalar WDS ma ta dawo, tunda ragar wannan kamfani ba ta haɗuwa da ta wancan, abin da ya sa ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fito da EasyMesh a 2018, ko da yake ba duk manyan kamfanoni suka bi ba. A shekarar ce Apple ya daina ƙera AirPort, a 2019 kuma Amazon ya sayi Eero. Da yawan waɗannan na'urori ba a iya saita su sai da manhajar waya da asusu a wurin kamfani, wato akwai wata cibiyar a can nesa wadda mai gida bai taɓa gani ba. A Fabrairun 2017 wata tangarɗa a sashen asusun Google ta sa na'urorin Google Wifi da OnHub na mutane da yawa suka goge saitinsu suka koma yadda suka fito daga masana'anta. Kamfanin ya ba da haƙuri, masu gidajen kuma kowa ya ɗauko wayarsa ya sake saita tasa daga farko.